Wane Raleigh ne wannan, kuma na wace shekara?

Sabon Mahayi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na sayi tsohon keken tsere na ƙarfe a wurin masu kayan gwanjo, irin mai lanƙwasasshen ƙaho ɗin nan. A goshinsa akwai tambarin Raleigh mai kan zalɓe, amma an taɓa sake masa fenti, ja da baƙi, an kuma manna masa sitika mai rubutun Professional. Mai sayarwa ya ce na shekarun 1980 ne. Ina so in san ainihin samfurinsa da shekarunsa kafin in kashe masa kuɗi. Gobe nake shirin kai shi a goge fentin.

Baba Mai Gyaran Keke: Wa alaikumus salam. Ɗana, don Allah dakata da maganar goge fenti. Masu fenti in sun kama firam da injin guga ba sa duba komai, sai su cinye lambar da muke nema. Ka kifa keken, sirdi da ƙaho a ƙasa. Ka dubi ƙarƙashin kwanon da sandar feda ta ratsa, ka wanke shi da kananzir da tsohon buroshin haƙori. In ba ka ga lamba a nan ba, ka duba bayan bututun sirdi daga sama, ko kunnen da tayar baya ke shiga. In fenti ya cike rubutun, haska tocila daga gefe, inuwa za ta fito maka da shi.

Ɗan Tseren Jos: Ja da baƙi da ɗan rawaya ai launin ƙungiyar TI-Raleigh ne, wadda Joop Zoetemelk ya ci gasar Tour de France da ita a 1980. In har Professional ne na gaske, ƙanena, ka tsinci dami a kala. Yana cikin na sama a jerin kekunan da suke sayarwa a shekarun 1970, kayan jikinsa na Campagnolo ne na Italiya.

Baba Mai Gyaran Keke: Malam, sitika ko yau ka je wurin masu buga takarda za su yi maka ɗari. Mu bar ƙarfen ya yi magana.

Sabon Mahayi: Baba, na samu. A ƙarƙashin kwanon yake. Harafin W, sai wani harafi, sai lambobi bakwai, ta farkonsu 6.

Malamin Makaranta: Madalla, wannan ta yi amfani ƙwarai. Tun wajen 1974 Raleigh suka daidaita tsarin lambobinsu. Harafin farko masana'anta ce: N na nufin Nottingham, babban gidansu a Ingila, W kuma Worksop, inda tsohon kamfanin Carlton yake, wanda suka saya a 1960 suka mayar da shi wurin ƙera kekunansu marasa nauyi. Harafi na biyu yana nuna wane lokaci ne a cikin shekarar. Lambar farko ita ce ƙarshen shekarar. To 6 ɗin nan na iya zama 1976, tana iya zama 1986. An rufe Worksop a 1981, don haka zuciyata ta fi karkata ga 1976, amma ban so ka tsaya a kan harafi ɗaya. Sai sauran jikin keken ya yarda da shi. Af, da ka ga lambar ta fara da SB, da yanzu zauren nan ya rikice, domin wannan ta ƙaramin sashensu ce na Ilkeston, inda ake ƙera wa 'yan gasar da kansu da hannu.

Ɗan Tseren Jos: Duba jikin abin canja giya na baya. Me aka rubuta?

Sabon Mahayi: Shimano. A bayansa akwai ƙananan haruffa biyu, IC.

Malamin Makaranta: A lissafin Shimano harafin farko shekara ne, A tana 1976, B 1977, haka har gaba. I ta faɗo a 1984, C kuma wata na uku, Maris. Ga inda mai sayarwa ya samo zancen shekarun 1980.

Ɗan Tseren Jos: To ke nan 1986 ta fi kusa.

Baba Mai Gyaran Keke: A'a, Malam. Abin canja giya shi ne farkon abin da ke mutuwa a keken tsere, faɗuwa ɗaya ta ɓangaren dama ta isa. Duk wanda ya zauna a bakin aikin nan ya san sau nawa ake sauya shi. Haka sirdi, haka wili. Shekarar da ke jikinsu tana gaya maka lokacin da aka ƙera su ne kawai. Abin da ba a sauyawa shi ne firam. Ɗana, cire tayar baya, ka sa rula tsakanin kunnuwan nan biyu daga ciki. In ka ga milimita 120, na zamanin giya biyar ne a baya, wato shekarun 1970. In 126 ne, ya matso gaba, lokacin giya shida da bakwai. Sannan ka lura da hannayen canja giya da ke kan bututun gaba: da zobe aka ɗaure su, ko kuwa an liƙa musu mazauni a jikin ƙarfen tun daga masana'anta? Ka kuma dubi birki, ko waya tana jan sa daga tsakiya ko daga gefe.

Sabon Mahayi: 120 cif. Da zobe aka ɗaure su, har zoben ya ci fenti. Birkin Weinmann ne, waya na saukowa a tsakiya ta rabu biyu.

Baba Mai Gyaran Keke: Shi ke nan, 1976 ce. Shaidu uku sun goyi bayan lambar, Shimano ɗin baƙo ne da ya zo daga baya.

Ɗan Maraɗi: Barkanku da hira. Bari in sa baki don masu irin namu, domin a wajenmu Peugeot da Motobécane aka fi tsinta. Wannan dabarar ta lamba ba ta cika aiki a kekunan Faransa ba, lambobin Peugeot na wancan zamani ba su da tsari ɗaya, sai dai ka bi ta salon rubutun jiki da kayan Simplex da Mafac. Kuma awonsu daban ne: wuyan ƙaho milimita 22 ne, na Ingila 22.2. Bambancin kamar ba komai ba, amma na ga firam mai kyau da aka fasa don an tura masa na Ingila da guduma. Yaya, kai dai ka yi sa'a naka na Ingila ne.

Malamin Makaranta: Kuma na Worksop, wanda zarensa, wato layukan da ake murɗa noti a kai, galibi irin na kowa ne, 24 a inci. Na Nottingham masu araha suna da nasu zaren na gida, 26 a inci, irin na manyan Raleigh ɗin iyayenmu da aka riƙa harhaɗawa a Kano. Samun kayan da zai hau su wahala ne.

Sabon Mahayi: Na gode ƙwarai. Saura samfurin. Professional ne?

Baba Mai Gyaran Keke: Zare sandar sirdi ka goge ƙasanta, galibi an buga kaurinta a jiki. In ta ƙi fita kada ka murɗe ta da ƙarfi, alminiyam ne ya kama ƙarfe, ka ɗiga mata mai ka bar ta ta kwana biyu. Dalilin awon shi ne, bututun duk kaurinsu ɗaya ne daga waje, to in ƙarfen mai kyau ne sai a yi bangonsa siriri, ramin ciki ya faɗaɗa. Bututun ƙarfen nan mai suna Reynolds 531, na sama, wanda aka rage wa kauri a tsakiya aka bar bakinsa da kauri, sandar 27.2 yake ɗauka. Ƙarfen talaka yana wajen 25.4. Ka kuma duba kunnuwan baya: masu kauri ne da aka zuba, da sunan Campagnolo a jiki, ko faranti ne aka yanka?

Sabon Mahayi: Ta fita lafiya. 26.4 aka rubuta. Kunnuwan ba su da sunan Campagnolo.

Malamin Makaranta: To ba Professional ba ne. 26.4 awon Reynolds 531 ne wanda kaurinsa ɗaya daga baki zuwa baki. Wannan da birkin Weinmann da harafin W sun fi nuna Super Course, wanda manyan bututunsa uku ne na 531, aka fi kai shi kasuwar Amurka. Ka nemi hoton kundin tallan Raleigh na 1976 da na 1977 a intanet, ka gwada siffar mahaɗan bututu da naka, domin firam ɗin da aka ƙera a ƙarshen shekara kan fita da kayan shekara mai zuwa.

Ɗan Tseren Jos: Kada ranka ya ɓaci, ƙanena. Super Course keke ne mai daɗin tuƙi a doguwar hanya, kuma yana da sararin taya mai faɗi, abin da titunanmu suke buƙata. Ni dai roƙona, ka cire sitikar nan, ka mayar masa da sunansa.

Sabon Mahayi: In sha Allahu. Tayoyin fa? Duk sun tsattsage.

Baba Mai Gyaran Keke: Karanta gefen tsohuwar kafin ka je kasuwa. In ka ga 27 x 1¼ ko 630, kada kowa ya sayar maka da 700C, ita 622 ce, ba za ta hau ba ko da za a kwana ana dannawa. In inci 27 ta gagara samu, sai a sauya wili gaba ɗaya zuwa 700C, a sauke robar birki milimita 4, birkin naka yawanci yana da wannan sararin. Ranar fenti kuma ka tsaya a kansu da kanka, a cire tambarin zalɓen a hankali a ajiye, a liƙe lambar da tef kafin su fara guga.