Neman shawara: zan sa wa FR-S ɗina heda, UEL ko EL?

Mai FR-S, Abuja:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan salansa. Motata Scion FR-S ce ta 2013, manuwal, 'yar Amurka. Ga wanda bai san ta ba, ita ce dai Toyota 86, ita ce kuma Subaru BRZ, mai injin FA20, lita 2.0, doki 200. Lafiyarta ƙalau, sai abu ɗaya da ke ci min tuwo a ƙwarya: in na taka ta a giya ta uku tana tashi da kyau, amma da allurar juyin inji ta kai wajen 3,500 sai jikinta ya mutu, ba ta farfaɗowa sai ta haura 4,500.

An ce min maganin shi ne a cire manifol ɗin kamfani, wato bututun da ke kwaso hayaƙi daga inji, a sa heda, irinsa da ake saya daban don hayaƙi ya fi fita da sauƙi. To ga inda na tsaya. UEL zan saya, mai bututun da tsawonsu ya bambanta, ko EL, mai bututun da tsawonsu ɗaya? Mai indomi, wato tulun nan da ke tace hayaƙi, ko marar indomi? Dole ne sai an taɓa kwamfutar motar? Sannan wani mai walda ya ce kar in ɓata dala, zai lanƙwasa min bututu ya haɗa irinta a nan. Me kuka gani?

Ɗan Gayu:
Wa alaikumus salam. Oga ka sayar ka ciko ka sayi Mustang, magana ta ƙare 😂

Bakanike, Kaduna:
Ƙanena, fara da cire mai waldan nan daga lissafi. Ba raina sana'arsa nake ba, in tukunyar baya ce ko bututun tsakiya zai yi maka aiki mai kyau. Heda kuwa lissafi ce: tsawon kowane bututu, faɗinsa, da inda huɗun suke haɗuwa, su ke sa hayaƙin silinda ɗaya ya jawo na mai bi masa. Ba a yin wannan da ido. Ga kuma farantin da ke manne da kan inji, in zafin walda ya karkatar da shi ko kaɗan, har abada ba za ka rabu da yoyon hayaƙi ba.

Ɗaurawar ba ta da wuya a motarka. Injin a kwance yake, silinda biyu dama biyu hagu, don haka manifol ɗin a ƙasa yake, da an hau rami an kwance faifan ƙasa ga shi nan a gabanka. Noti uku kowane gefe, sai mahaɗarsa da bututun da ke bi masa. Ba irin V8 ba ce da wani lokaci sai an ɗaga inji. Amma ka tsaya a kan yaran da kanka. Inji ya huce sarai kafin a taɓa. Tunda 'yar Amurka ce, in daga jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara ta fito, notin sun yi tsatsa, a fesa musu mai tun dare. A zare fulogin sensa biyun da ke auna hayaƙi kafin a murɗa su, in ba haka ba wayar ce za ta nannaɗe ta tsinke daga ciki, kana kallonta lafiya alhali ta mutu. Gasket sabo na ƙarfe, na kamfani ya fi wanda ake jefowa cikin kwalin. Kuma don Allah kar ka bari kowa ya shafa gam, silikon ɗin da ke cikin wasunsu yana kashe sensa. Wajen ɗaurewa, kan injin alminiyom ne, duk yaron da ka ga ya zura bututu a sifana zai taka da ƙafa, ƙwace ta. Da sifana mai awo ake ɗaurewa, bi da bi, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. In ka ɗan yi yawo ta yi zafi ta huce, a koma a sake bin notin.

Malam Injiniya, Texas:
Duk abin da Oga ya faɗa haka yake. Ni kan tambayarka ta uku zan tsaya, don ita ce babba, ba UEL da EL ba.

Wannan mutuwar jikin da kake ji ba lalacewa ba ce, haka motar ta fito daga kamfani, duk masu ita a nan sun san da ita. Heda kaɗai tana rage ta, amma abin da ke cike ramin sosai shi ne heda tare da sabon saitin kwamfuta. Ka canza yadda inji yake fitar da numfashi, ita kuwa kwamfuta tana nan kan lissafin tsohon manifol. Mutane a nan da kayan saiti na EcuTek ko OpenFlash Tablet suka fi yi.

Ga inda nake jin tsoro. FA20 matsinsa, wato yadda fistin ke matse iska da mai, 12.5 ne, mai yawa ƙwarai, shi ya sa kamfani ya ce fetur mai daraja za a sa mata. Saitin da ake sayarwa a shirye an yi su ne don man Amurka mai lamba 91 ko 93, wasu ma don E85, man da yawancinsa itanol ne. Kar lambar ta ruɗe ka. Ma'aunin darajar fetur na Amurka daban yake da RON, ma'aunin da ake amfani da shi a gida. 91 ɗinsu wajen RON 95 ne, 93 kuwa wajen 98. A gidan man Abuja famfo ɗaya ne, mai ɗaya ne, ba wanda zai tambaye ka wane iri kake so. In ka loda saitin da ya matso da lokacin tartsatsin fulogi gaba, ka zuba wannan man, ga zafin watan Afrilu, mai zai riƙa fashewa kafin lokacinsa. Kwamfuta za ta yi ta ja da baya don ta ceci injin, ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa ya tafi, in abin ya yi yawa fistin ne zai biya bashin.

Saboda haka kafin ka sayi ko noti ɗaya, ka nemi mai saiti da zai yarda ya yi maka ta intanet. Ka gaya masa gaskiyar man da kake sha, ka hau titi ka ɗauko bayanan injin ka tura masa, ya gyara ya dawo maka da shi, har ya zauna. Ka ma fara ɗaukar bayanan tun yanzu da motar take yadda kamfani ya yi ta. Ba mamaki ka tarar tuni tana ja da baya, wato wani ɓangare na sanyin da kake ji na mai ne.

Wani abu a gefe: 'yan 2013 na cikin waɗanda kamfani ya yi wa kiranye don gyara a 2018 saboda sifirin ɗin bawul. Ka duba da lambar VIN, wato lambar shasi, ko an yi wa taka.

Ɗan Subaru:
Ni dai UEL, ba na ɓoyewa. Bututun gefe ɗaya ya fi na ɗayan tsawo, hayaƙin ba ya isowa a jere daidai, shi ke ba da gurnanin nan na tsofaffin Subaru WRX. In ka ji ta a sulo ba za ka ƙara sauraron wata ba. EL ta fi santsi, ta fi ɗan numfashi can sama wajen 7,000, amma tsakani da Allah sau nawa kake kai wa can tsakanin Gwarinpa da Wuse?

Bakanike, Kaduna:
Ɗan Subaru, kunne kake sayar masa ba ƙarfi ba. Dukkansu biyun suna taimakon tsakiyar, inda jikinta ke mutuwa, in an yi saiti. Ya zaɓi wadda ƙarfenta ya fi, sitenles 304, faranti mai kauri, walda mai tsabta. Kuma ya duba kar ta sauko ƙasa fiye da ta kamfani, motar da ma cikinta a ƙasa yake, ga tudun rage gudu a kowane layi.

Baban Amira:
Ni ba makanike ba ne, maƙwabci ne. Akwai yaro a layinmu da ya yi wa motarsa irin wannan aikin. In ya tayar da ita da asuba, kafin ta sauko sulo duk jariran layin sun farka. Har wurin mai unguwa maganar ta je. Ka yi abinka, kuɗinka ne, amma ka bar tukunyar baya ta kamfani.

Mai FR-S, Abuja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na ji, tukunya tana nan ba zan taɓa ba. Malam Injiniya, maganar man nan ta shige ni. Saura batun indomi, ba wanda ya ce komai.

Malam Injiniya, Texas:
Motarka indomi biyu gare ta, ɗaya a jikin manifol, ɗaya a bututun gaba. Na manifol shi ke tsakanin sensa biyun. In ka sa heda marar indomi, sensar baya za ta ga hayaƙin bai canza ba, ta kunna maka wutar cek da lambar P0420. A nan Amurka cire shi a motar titi saɓa dokar tarayya ne, a Kalifoniya ma ko heda mai indomi ce sai tana da lambar amincewar CARB, hukumar kula da tsabtar iska ta jihar. Ko ba don doka ba, ni mai indomi zan ce ka saya. Ta fi tsada, kuma ita ma wani lokaci tana kunna wutar, amma bambancin ƙarfin kaɗan ne, ba za ka tsaya a danja kana shaƙar warin ɗanyen mai ba. Na biyun kuwa kar ka kusance shi, in ya tafi ƙarar sai ta koma tsatsa-tsatsa. Kuma kar ka sa ran doki hamsin, tsakiyar ce za ta cika, shi ke nan.

Bakanike, Kaduna:
Kafin ku yi nisa, ka tabbata ma indomin yana ciki? Motoci da yawa kafin su iso hannun mai su an fasa an kwashe, saboda filatinom da sauran ƙarafa masu tsada da ke ciki, a mayar da gwangwanin a yi walda. Gobe ka hau rami ka haska tocila a jikin tulun. In ka ga layin walda da ba na kamfani ba, ɗauko hoto ka turo nan. Sannan tsohon manifol ɗinka in an cire, ka sa shi a but da hannunka ka tafi da shi gida, kar ka bar shi a gareji ko na dare ɗaya.

Mai FR-S, Abuja:
To Oga, gobe da safe in sha Allah zan turo hoton. Malam Injiniya, na yi maka magana ta ciki, ka nuna min na'urar da zan ɗauki bayanan da ita.