Launi da kiɗa a finafinan Sin da Japan: ado ne ko labari?

Aminu, Kura:
Assalamu alaikum. Na kalli fim ɗin Ju Dou na daraktan ƙasar Sin, Zhang Yimou, wanda ya fito a 1990, kuma da yake a gidan rini aka gina labarin, ni kuma a marina na tashi, idona bai bar dogayen yadudduka ja da rawaya da ake shanyawa tun daga rufi ba. 'Yan wasan ba su cika magana ba, amma da zarar al'amari ya yi zafi sai launi ya mamaye hoton. Da gangan ne, ko ƙawa ce kawai?

Malama Hauwa, Ringim:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Da gangan ne, kuma ka nemi Raise the Red Lantern, na wannan daraktan, na 1991, ka gani. Attajiri ne mai mata huɗu, kuma duk sashen da zai kwana, nan ake rataya jajayen fitilu, ba bisa rabon kwana ba, sai bisa son ransa. Ko fuskar maigidan ba a nuna ta sosai, domin fitilun sun isa su sanar da wadda take da faɗa a ranar. Da aka gano cewa amaryar, wadda Gong Li ta fito a matsayinta, ƙaryar ciki ta yi, sai aka lulluɓe fitilunta da baƙin ƙyalle. Wallahi wurin ya fi taɓa ni fiye da duk wani kukan kishiya da na taɓa gani a fim.

Malam Isa, Kazaure:
Malama ta yi bayanin launi, ni kuma zan ƙara da kiɗa. A fim ɗin Ran na daraktan ƙasar Japan, Akira Kurosawa, na 1985, 'ya'yan sarki uku ne, kowanne da launin rundunarsa: rawaya, ja da shuɗi, saboda haka ko daga nesa kana sanin wanda ya ci amanar wani. Amma a yaƙin da aka ƙone fada, an ɗauke ihu da ƙarar makamai gaba ɗaya, aka bar kiɗan makoki na Toru Takemitsu shi kaɗai, har zuwa lokacin da harbin bindiga ya dawo da sautin. Mai kallo ba ya jin daɗin yaƙin, sai dai ya ji nauyinsa.

Aminu, Kura:
Na gode Malama, na gode Malam. Ran zan fara nema, domin ina son in ga yadda shuɗinsu yake a fili ƙarƙashin rana.