Likita ya ce wannan ciwon zuciyar ya fi kama maza, ita kuma ’yata mace ce

Salam, likitocin yara a taimaka min. ’Yata wata huɗu, in tana shan nono sai gumi ya jiƙa mata goshi, ta saki, ta yi ta haki. Sau biyu aka ba mu maganin sanyin ƙirji, ba sauƙi. Sai da wata nas ta lalubi bugun jini a matsematsinta ta ji da ƙyar, aka tura mu hoton zuciya da ake kira eko. Ya nuna babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, ayota, ta tsuke.

Likitan ya ce matsalar ta fi yawa ga yara maza, mata kuwa hujin da ke tsakanin ɗakunan zuciya na sama ya fi samunsu. Don haka in an ga tsukewar a mace ana zargin lalurar Turner, inda ƙwayar halittar X ɗaya ta ɓace. Lallai an haife ta da kumburin bayan ƙafa, na ɗauka ƙiba ce.

Ɗakunan gwaji uku na zaga, ba mai yin gwajin ƙwayoyin halittar, sai dai a aika jini wani gari, makonni kafin sakamako. Dole ne a jira sakamakon kafin a yi mata aikin gyara jijiyar, ko gwajin zai iya biyo baya?