Neman shawara: ina da cikin wata huɗu, in ci gaba da gudun safe?

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Garwa nake, arewacin Kamaru. Shekara uku ke nan ni da maƙwabciyata muna fita sassarfa bayan sallar asuba, mu zaga ta wajen filin ƙwallo na Rumde Ajiya mu dawo kafin rana ta ɗago. Yanzu ina da juna biyu, wata huɗu, kuma na fari ne. Jiya Inna, mahaifiyar maigida, ta same ni ina ɗaure igiyar takalmi a bakin ƙofa, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, kar ki jijjiga min jika." Na cire takalmin, amma raina bai so ba, don ranar da na fita ce nake samun barci mai daɗi. Don Allah masu sani ku taimaka.

Anti ungozoma: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Macen da ta saba gudu tun kafin ciki, kuma awo ya nuna komai lafiya, tana iya ci gaba, sai dai a rage ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana son mai ciki ta samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici. Ma'aunin mai sauƙi ne: in kina gudu kina iya hira da maƙwabciyarki ba tare da haki ya sarƙe ki ba, daidai kike. In magana ta gagara, koma tafiya. Amma ki fara zuwa awo ki faɗa musu ƙarara cewa kina gudu. In aka ga hawan jini, ko ƙarancin jini mai tsanani, ko mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, ko an ɗinke bakin mahaifar, to babu gudu. Ranar da kika ga jini, ko ruwa na zuba, ko jiri, ciwon ƙirji, mara na ɗaurewa a kai a kai, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ki tsaya nan take ki nufi asibiti. Kar ki ce bari gari ya waye.

Maman 'yan biyu, daga Marwa: Ni zafi nake jiye miki. Watan Maris da Afrilu a nan arewa ya kan haura digiri 40, mai ciki kuwa jikinta saurin ɗaukar zafi yake. Ki tafi da gorar ruwa, ki dawo kafin bakwai. Ki kuma kula da ramuka da 'yan mashin, don gaɓoɓi suna saki lokacin ciki, gurɗewa ba wuya.

Goggo: Mu da ciki muka yi daka, muka ɗebo ruwa, har ranar naƙuda. Zama wuri ɗaya bai taɓa zama magani ba. Amma 'yata, tsoron Innarku na ƙauna ne. Kar ki saci jiki ki fita. Ki tafi da ita awo, ta ji da kunnenta daga bakin ma'aikaciya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Laraba ce awona. Na yi wa Inna maganar rakiya ɗazu da muke tsintar shinkafa, ta yi shiru, sannan ta ce in tashe ta da wuri kar mu tarar da layi.