Neman kalma: me za mu kira PBL da Hausa?

1/ Malamai 'yan uwana, ina fassara wata takardar horas da malaman firamare, sai na tsaya cak a kan Project-Based Learning (PBL). Kwana uku ke nan kalmar ta hana ni ci gaba.

2/ Abin da ake nufi: a ba ɗalibai wata matsala ta gaske, misali dalilin da ya sa ruwan rijiyar unguwa ke gurɓata. Su yi makonni suna bincike, su raba aiki, su gyara kuskurensu, a ƙarshe su nuna wa jama'a abin da suka samar. Lissafi da kimiyya da rubutu duk a cikin aikin ake koyonsu. Masanin ilimi William Kilpatrick, almajirin masanin falsafa John Dewey, shi ya yayata tsarin a Amurka a 1918.

3/ Na fara da "koyo ta furojet", na ajiye. A Najeriya, furojet kundin da ɗalibin jami'a ke rubutawa ne a shekarar ƙarshe. A Nijar kuwa, in ka ce furoje, hankali zai tafi ga ƙungiyoyin agaji da motocinsu.

4/ "Koyo a aikace" ya yi faɗi. Yaron kafinta ma a aikace yake koyo.

5/ Wani ya ce "koyo ta warware matsala". Wannan yana da mai shi: tsarin da makarantar likitanci ta jami'ar McMaster a Kanada ta fara a 1969, wato Problem-Based Learning, shi ma PBL ake taƙaita shi. Kada mu gwama su.

6/ Ni dai zuciyata ta kwanta da KOYON GAYYA. A gayya aiki ɗaya ne a gaba, kowa da kunyar da zai nome, ana tashi kowa ya ga gonar da aka nome. Binciken 'yan shekarun nan ma can ya karkata: haɗin kai, iya bayani, zurfin tunani, ba makin jarrabawa kaɗai ba. Ko makin ma, nazarce-nazarcen da cibiyar binciken ilimi ta Amurka, Lucas Education Research, ta fitar a 2021 sun nuna ya ƙaru, har da na 'yan aji uku a jihar Mishigan.

7/ Na san aibin sunan koyon gayya biyu. Wani lokaci ɗalibi ɗaya ke yin aikin, ga kuma "da gayya" mai nufin ganganci. Duk da haka na gwada a jimla: "Bana 'yan aji biyar koyon gayya za su yi a kan shara." Ya zauna a baki.

Mutanen Zazzau, Sakkwato da Damagaram, yaya ya faɗa a kunnenku?