Busasshen itace ma sai an hana? Muhawara a zauren Hausawan Jidda

Isa Direba: Salamu alaikum jama'a. Yau na ga ikon Allah. Muna saukowa daga Baha, can kan duwatsun kudancin Saudiyya, da maigidana, sai na hango wata bishiyar ar'ar, irin itacen da ke fitowa a kan duwatsun nan, a gefen hanya ta bushe ƙayau, ko ganye ɗaya babu, ɓawon ma ya zube. Na tsaya na karya rassa na zuba a bayan mota saboda gashin Juma'a. Ba mu yi nisa ba jami'ai suka tare mu, suka sa na sauke tas, suka karɓi iƙamata, wato katin zamana, suka yi rubutu. A hana sare ɗanye, na yarda. Amma busasshe fa? Gawa ce. Wa na cuta?

Hajiya Rabi: Allah ya tsare gaba, Isa. Ai yanzu ba a wasa da haɗab, wato itacen wuta, a ƙasar nan. Ɗaukar itacen cikin ƙasa a mota tararsa kan kai riyal 16,000 a kowace mita mukaab (tarin mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi), sare bishiya guda kuwa har 20,000. Albashinka na wata nawa ke nan?

Malam Habu: Doka doka ce, a bi ta. Amma a hankalce Isa bai yi ɓatan kai ba. Hadisi ingantacce ya nuna mutum ya ɗauki igiyarsa ya yo itace ya sayar ya fi masa roƙon mutane. Ko a Haramin Makka, inda aka hana sare bishiya, malamai da yawa sun sassauta a kan busasshe.

Usman Abha: Allah ya gafarta Malam, fiƙihu ba fagena ba ne. Amma Kawu Isa, kalmar "gawa" ɗin nan ce ban yarda da ita ba. Shekara uku ina karatu a Abha, kuma nakan hau dutsen Sauda da ke kusa da garin. Ka tsaya minti goma gaban kututturen da ya bushe a tsaye, za ka ga ramuka zagayayyu kamar an huda da ƙarfe. Aikin maƙwaƙƙwafin Larabawa ne, wanda ba a samunsa ko'ina sai nan yammacin Saudiyya da Yaman. A mataccen reshe yake sassaƙa gidansa, domin ya fi ɗanye laushi, kuma tsutsar da yake ci tana ƙarƙashin ɓawon. In ya tashi, wani tsuntsun ya gaji ramin.

Isa Direba: To saboda tsuntsu za a ci ni tarar da ta fi kuɗin jirgina zuwa Kano?

Usman Abha: Bari in kawo misali daga waje, don abin ya fi fitowa fili. Akwai wani ɗan tsuntsu, bai wuce gwara ba, Larabawa na ce masa kasirul jauz, Turawa nuthatch. Shi ne mai saukowa jikin bishiya kai a ƙasa, jela a sama. Babu shi a nan. Amma a Aljeriya akwai irinsa da babu a duk duniya sai can, kuma masana ba su ma san da shi ba sai a 1975, a kan dutsen Babor. A ramin tsofaffin bishiyoyi da matattu yake ƙwai. Abin da ke neman ƙarar da shi uku ne: gobara, sara, da awakin da ke cinye tsiron da zai maye gurbin tsofaffin. Ɗan'uwansa na tsibirin Kosika a Faransa ya fi shi tsirfa: ba ya zama sai a tsohon itacen fayin (pine) mai ɗaruruwan shekaru, 'ya'yan itacen yake ci da sanyi, a mataccen kututturensa yake haƙa gida. Masu katako kuwa manyan suke so.

Baba Alhaji Ɗanjuma: Yaro, ka kai mu Faransa alhali maganar Baha ake. Shekarata 41 a ƙasar nan. Da idona na ga mutanen dutse na ɗibar busasshen itace suna girki, daji bai ƙare ba. Kuma tunda ka ambaci gobara: ba busasshen ne makamashinta ba? Wutar da ta ci dutsen Gulama a Tanuma a 2020, ɗanye ta fara kamawa? Wanda ya kwashe busasshe ai taimakon daji ya yi.

Usman Abha: Baba, a nan kana da gaskiya, ban musa ba. Ƙirare da ciyawar da suka taru a ƙasa su ne ke saurin ɗaukar wuta, kuma masu kula da daji kan rage su. Amma kututturen da ke tsaye dabam ne. Sannan mutanen da ka gani a da, a ka suke ɗauka ko a jaki, kuma suna da hima, wato yankin da ƙabila ke killacewa ta hana sara da kiwo sai da ƙa'ida. Yau Hilux ce da zarto mai inji. Ga shi ar'ar ɗin kansa yana bushewa da yawa a gangaren Asir, yankin da Abha take, saboda ƙarancin ruwa, kuma ba itace ne mai saurin girma ba.

Hajiya Rabi: Ku bar zancen tsuntsu tukuna. In aka ce busasshe halal ne, gobe kowa zai kwaɓe wa ɗanye ɓawo, ya dawo bayan wata shida ya ce ya tarar da shi a mace. A garinmu haka ake yi wa marke da ƙirya. Ma'aikaci a bakin hanya ta yaya zai bambance?

Malam Habu: Wannan hujja ce mai ƙarfi, Hajiya. Toshe kafar ɓarna asali ne a mazhabarmu. Sai dai har yanzu ina ganin wanda ya ɗebi na girki ɗaya bai kamata a auna shi da mudun ɗan kasuwa ba.

Aisha Mai Wurno: Tun ɗazu ina karantawa ina dariyar takaici. Ni a Mai Wurno aka haife ni, bakin kogin Nilu a jihar Sinnar. Kun san buhun gawayin da kuke saye a nan, wanda aka rubuta "Sudani" a jiki? Ɗalha ce, itacen da matanmu ke dukhan, wato turara jiki, da shi. An hana taɓa na nan, an buɗe ƙofa ga na waje. Wato tsuntsun Asir ya kwana lafiya, namu ya nemi wani gidan. Usman ƙanena, wannan fa?

Usman Abha: Yaya Aisha, ba ni da amsar da za ta gamsar da ke. Gaskiya ce, saran ƙaura kawai ya yi. Amma hakan bai mayar da kututturen Baha marar amfani ba.

Baba Alhaji Ɗanjuma: Ni dai ban sauka ba. Wanda ya faɗi ƙasa, a bar talaka ya ɗauka. Na tsaye, to, na bar wa jikana da tsuntsayensa.

Isa Direba: Tawa a tsaye take, Baba. Kuma yanzu da Usman ya faɗa, na tuna akwai rami a reshen da na karya, har da ɗan gashi a ciki, na ɗauka na ɓera ne. Duk da haka tarar ta yi yawa, a nan nake. Wa ya san inda ake cika gas kusa da Karantina? Gashin Juma'a na nan, kowa ya zo da burodinsa.