Neman kalmar Hausa: malamin jami'a da aka kai Ma'aikatar Shari'a na wani wa'adi

Mai fassarar labarai, Gombe:
Assalamu alaikum malamaina. Ina neman kalmar da za mu tsaya a kanta a madadin "secondment", wadda ma'aikata suke faɗa yadda take a Turanci. Abin da ake nufi shi ne a ɗauki ma'aikaci, misali malamin Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Jihar Gombe, a kai shi Ma'aikatar Shari'a ya yi aiki a sashen tsara dokoki ko sashen ƙararrakin gwamnati, alhali kujerarsa ta jami'a tana nan da sunansa, shekarun aikinsa ba su yanke ba, kuma da zarar wa'adi ya cika zai koma aji. A labarai mun saba cewa "an yi masa canjin wurin aiki", mai sauraro kuwa sai ya ɗauka mutumin ya bar jami'a ke nan, wanda ba haka ba ne.

Tsohon jami'in kula da ma'aikata, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Malam, ka yi daidai da ka ƙi "canjin wurin aiki", domin wanda aka yi wa canji na dindindin fayil ɗinsa yake bin sa, kamar yadda ya faru da ma'aikatan da suka koma Gombe bayan an cire ta daga jihar Bauchi a 1996. Abin da kake tambaya daban ne. A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, idan ma'aikaci ne ya nema da kansa, shekara 2 ake ba shi a karon farko, in an ƙara masa kuma jimillar ba ta wuce shekara 4, daga nan ko dai ya dawo ko ya nemi komawa can gaba ɗaya. Idan kuwa gwamnati ce ta buƙace shi don amfanin jama'a, ba a ƙayyade masa shekaru haka, kuma ƙarin albashinsa na shekara da ƙarin girmansa suna tafiya a wurin aikinsa na asali. Duk kalmar da za a zaɓa, lalle ta nuna cewa akwai mai shi, kuma akwai dawowa.

Lauya, Gombe:
Ranka ya daɗe, ni "riƙo" nake gani. Idan aka ba da yaro riƙo, iyayensa ba su sake ba, amma tarbiyyarsa da umarninsa suna hannun mariƙi. Haka wannan malami yake: jami'a ce uwarsa, amma muddin yana ma'aikatar, Antoni Janar da Babban Sakatare yake yi wa biyayya, kuma sirrin fayilolin gwamnati amana ne a wuyansa, ko da shari'ar ta shafi jami'ar da ya fito.

Malamar Hausa, Bauchi:
Barista, hujjarka tana da ƙarfi, amma "riƙo" ta riga ta sami aiki a ofis. Da an ce wane yana riƙo a Ma'aikatar Shari'a, kowa zai fahimci riƙon ƙwarya, wato yana riƙe da muƙamin wani kafin a naɗa mai shi. Ga shi kuma riƙon yaro ba shi da ranar ƙarewa, sau da yawa a gidan mariƙi ake aurar da shi.

Ni ina ganin Hausa ta gama mana wannan aiki tun da daɗewa, da ta bambanta aro da rance. Wanda ya ranci mudun gero, wani geron zai mayar, ba wanda ya ci ba. Wanda ya ari garma kuwa, ita wannan garmar zai dawo da ita, kuma ba shi da ikon sayar da ita ko miƙa ta ga wani ba da yardar mai ita ba. Jami'a ba wani lauyan take jira a aiko mata a madadin malaminta ba, shi ɗin take jira, domin akwai darussan da yake koyarwa da ɗaliban digiri na biyu da yake duba aikinsu. Kunnen jama'a ma ya riga ya saba, tunda a labarin ƙwallon ƙafa kullum ana cewa ɗan wasa ya tafi aro, ko yana zaman aro a wata ƙungiya, ba wanda ke neman ƙarin bayani.

Lauya, Gombe:
Malama, damuwata ita ce martaba. Hausawa suna cewa zanen aro ba ya rufe katara, saboda haka in aka kira farfesa "ma'aikacin aro", ina tsoron ƙananan lauyoyin ma'aikatar su ɗauke shi baƙon da shawararsa ba ta da nauyi.

Malamin fiƙihu, Gombe:
Barista, Allah ya ƙara basira. A littattafan da muke karantarwa a zaure akwai babin ariya, wanda muke fassarawa da aro, kuma ma'anarsa mallakar da amfanin abu na wani lokaci ba tare da mallakar da shi kansa abin ba. Larabawa ma daga wannan tushe suka ciro kalmar da suke kiran irin wannan tura ma'aikaci. Karin maganar da ka kawo mai aron take yi wa gargaɗi kada ya dogara da abin da ba nasa ba, wato ma'aikatar ce ya kamata ta horar da nata masu tsara dokoki kafin malamin ya koma. Ba a zuwa aron abin da ake da irinsa a gida.

Lauya, Gombe:
Na karɓa, Malam, amma da sharaɗi biyu. Kada a liƙa kalmar a jikin mutum a ce "ma'aikacin aro", a bar ta a kan tsarin. Sannan kada a haɗa shi da wanda aka naɗa Antoni Janar kuma Kwamishinan Shari'a. Wannan naɗi ne na gwamna da amincewar majalisar dokoki, kuma sashe na 195 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sharɗanta cewa sai wanda ya kai shekara 10 da zama lauya. Malamin jami'a da ya sami wannan muƙami galibi hutu yake ɗauka daga aikinsa, sai a ce an naɗa shi, ba an are shi ba.

Mai fassarar labarai, Gombe:
Na gode ƙwarai, malamaina. To, tsarin za mu kira shi "aron ma'aikaci", wa'adin kuma "zaman aro". A labari zan rubuta cewa jami'a ta ba Ma'aikatar Shari'a aron malaminta na tsawon shekara 2, in ya dawo kuma in ce ya kammala zaman aro ya koma bakin aikinsa. Zan kai wa editanmu wannan gobe in Allah ya yarda, domin a sa a jerin kalmomin ɗakin labarai.